Lita Biyu, Ba a Kunna Wuta

Litinin, 10 ga Nuwamba, shida na safe

Duba injin oksijin na ɗaki na bakwai kafin a raba shayi.

Litinin, da yamma, a gida

Na duba. Ɗan ƙwallon da ke cikin gilashin yana kan biyu. Sai da na durƙusa na daidaita idona da shi, yadda doamna Otilia, wato madam Otilia, babbar nas ɗinmu, ta koya mana, don idan mutum ya duba daga tsaye yakan ga ba daidai ba. Na fita har bakin matakala, na dawo na sake dubawa. Biyu ne.

Ranar Juma'a aka kawo nashu Ilarie gidan tsofaffin nan daga asibiti. Shi ya tsaya mini a coci ranar baftismata, shi ya riƙe kyandir ɗina, shi ya sa nake ce masa nashu, shi kuma yana ce mini fina, wato 'yarsa ta baftisma, ko a gaban wa. Ƙuruciyarsa duk a ramin kwal ta ƙare, huhun ma can ya bar shi. Ni na roƙa a sa shi a ɓangarena. Yanzu ban san ko na yi daidai ba.

Takardar Likita Bucur tana manne a saman gadon. Lita biyu, dare da rana, ba a ƙarawa, ba a cirewa. Ba a shafa masa mai a hanci. Ba taba, ba ashana, ba kowace irin wuta a ɗakin. Wannan ta ƙarshen ya ja mata layi.

Ni ba nas ba ce. Sakandare na gama, na yi ɗan kwas na kula da tsofaffi. Nawa wanka, canza zanen gado, ba da abinci, da duba ƙwallo.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Na sami ƙwallon a kan huɗu.

Nashu yana barci baki buɗe, na kira shi sau uku kafin ya ɗaga ido, kuma bai gane ni nan take ba. Matarsa, nasha Veturia, tana zaune tana saƙa kamar ba abin da ya faru. Kullum tana zuwa da motar ƙarfe goma, ta koma da ta yamma. Na mayar da shi biyu. Nea Toader, wato baba Toader, wanda suke ɗaki ɗaya, shi ma tsohon ɗan rami ne, ya nuna ta da haɓa daga gadonsa.

Ba ta yi musu ba. Ta ce ta ga yana haki ne. "Mutum na jin ƙishirwa, ke ki ce cokali biyu? Tun yaushe iska ta zama guba, 'yar nan?"

Na kira doamna Otilia ta yi mata bayani a hankali. Huhu irin nasa ya saba da kaɗan. Idan aka cika masa, jikin sai ya yi kasalar numfashi, iska mara kyau ta taru a jini, barci ya kwashe shi ya ƙi sakin sa. Nasha ta ce to. Irin "to" ɗin da take ce wa mai sayar da kabeji idan ba za ta saya ba.

Na manna filasta a kan abin murɗawar.

Alhamis, da safe

Biyu. Filastar tana nan.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da yamma

An shiga azumin Kirsimeti. Miyar wake da kabeji mai tsami. Nashu ya sha cokali biyar, ya ce waken bai ji gishiri ba, mai dafa shi kuma ba ta ji tsoron Allah ba. Na ji daɗin jin yana mita.

Ina gyara durowarsa na ci karo da abu a naɗe cikin adiko. Kyandir ne rawaya, na zuma, an taɓa kunna shi. Ashana na gefensa.

Nasha ta ce na daren Ista ne, ta ajiye masa. Ba sai ta ce mini na mene ne ba. Wa bai sani ba? Ba a barin mutum ya cika babu kyandir a hannunsa. Wanda ya tafi haka, a duhu zai yi ta laluben hanya a can. An kunna wa kakata, an kunna wa mahaifina, haka za a yi mini in ina da mai yi.

Na ce mata takarda ta hana. Na ce oksijin ba ya jin wasa, tun gobarar da aka yi a wani gidan tsofaffi ake zuwa mana bincike ba sanarwa.

Nea Toader ya ɗaga kai ya ce, "Ilarie, ramin bai tashi da ni ba, sai kai da kyandir ɗinka za ka tashi da ni? In za ka tafi, tafi kai kaɗai, ni ranar Lahadi jikata za ta zo."

"Kai ko wuta ba za ta ci ka ba, ɗanyen itace," in ji nashu. Dariya ta jawo masa tari, tarin ya ɗauki lokaci. Da ya lafa sai ya kama hannun rigata. Ya ce ya fi ni sanin abin da iska da wuta suke yi, shi ne mai caje aljihun samari a bakin rami, ya taɓa marin wani saboda tsinken ashana ɗaya. Sannan ya ce, "Amma fina, rabin raina a duhu na yi shi. Can kuma ba na so."

Na ɗauke ashanar na sa a aljihuna. Kyandir ɗin na mayar durowa. Na kasa ɗaukar sa.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da rana

Doamna Otilia ta sayo ɗan kyandir mai batir, mai harshen roba da ke kaɗawa. Da zuciya ɗaya ta yi. Nashu ya juya shi a hannu, ya kunna, ya kashe, ya ce a kai shagon kofi su ɗora wa masoya a tebur. Yanzu yana wurin nea Toader, da shi yake neman haƙoransa.

Talata, da yamma

Bayan kunnuwansa sun goge inda robar oksijin ke bi. Na naɗa auduga. Hancinsa ya bushe yana tsagewa, nasha ta zo da man alade a kwalba, na hana. Kwanan nan duk abin da ta ɗauko sai na hana. Ta ce da can ni yarinya ce mai sauƙin kai.

Abin da ake maƙala masa a yatsa ya nuna casa'in. Daidai ke nan. Komai daidai yake, mutumin kuma yana ƙarewa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, bayan aiki

Fada Gherasim ya zo ya ba nashu jibin Ubangiji. Ya bar kaskon turarensa a mota, ba sai an gaya masa ba. Na tare shi a baranda na tambaye shi. Ya ce Allah ba ya buƙatar kyandir kafin ya gane bawansa, al'adar iyaye ce, mai kyau ce, amma ba doka ba ce. Ya ce in bi likita. Na ji sanyi a raina. Har ya kai ƙofa sai na ce, Fada, mahaifiyarka fa?

Ya tsaya yana gyara hula. Ya ce ranar da za ta cika da gudu ya tsallaka titi da kyandir a hannu, ba takalmi.

Da ban tambaya ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Ba zan iya rubutu yau ba.

Lahadi, da rana

Jiya wajen ƙarfe uku ne. Ina ɗaki na biyar na ji nasha tana kiran sunana, ba fina ba, Domnica. Leɓunansa sun yi shuɗi, ƙirjin na hawa yana sauka kamar mai gudu, lambar yatsa tana faɗuwa ina kallo. Na ɗaga masa kai, na duba robar ko ta lanƙwashe, na danna ƙararrawa. Biyu ne. Hannuna ya kai kan filastar, na janye shi.

Da na juyo, kyandir na hannunta. Ashe tana da wata ashanar a jaka.

Na riƙe wuyan hannunta. Mace mai shekara saba'in da wani abu, wadda ta ɗinka mini rigar aure. Na murɗe har kwalin ashanar ya faɗi, na taka shi. Tana cewa yana tafiya, yana tafiya, ki ji tsoron Allah. Shi kuma yana kallonmu. Duk abin nan idonsa biyu.

Nas mai aikin ranar ta shigo, motar asibiti ta zo, suka yi masa allura, suka sa masa maganin shaƙa. Kafin magariba leɓunan sun dawo. Sun so tafiya da shi, ya girgiza kai.

Doamna Otilia ta bugo mini waya ta ce na yi abin da ya dace, na ceci mutum biyu da gini guda. Na ce na gode.

Yau akwai shatin yatsuna a hannun nasha. Ta sa riga mai dogon hannu, amma na gani lokacin da take saƙa.

Litinin, 24 ga Nuwamba, da safe

Ya ƙi yi mini magana. Na yi masa wanka, na yi masa aski, fuskarsa na bango. Nea Toader ya yi ta zolayar sa, ya ce an kai shi bakin ƙofa an ga fuskarsa an ce a mayar. Ko motsi.

Biyu.

Talata, da yamma

Yana raye. Saboda ban bari ba yake raye. Na rubuta wannan don in riƙa gani.

To in da bai dawo ba fa?

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Ya yi magana. Nasha ta fita wanke kwano, ina gyara masa matashi. Kalma biyu, hutu, kalma biyu.

"Ranar Asabar. Da na tafi. Da haka zan tafi."

Na ce ai bai tafi ba.

"Ni na riƙe miki naki, fina. Kina tsala ihu, kakin na ɗiga a hannuna. Ban saki ba."

Na ce na sani, an sha ba ni labari.

"To."

Na yi masa alkawari. Ban shirya ba, bakina ne ya faɗa. Na ce ba zai tafi a duhu ba, ni zan kunna da hannuna, amma nasha ta daina shigowa da ashana. Ya rufe ido. Da yamma ya sha shayi rabin kofi, ya ce na cika sukari.

Na yi alkawarin abin da takarda ta hana. Duk hanyar gida ina juya shi. Ba a kunna wuta injin na aiki. Ba a kashe injin yana numfashi. In na jira ya daina numfashi, kyandir ba shi da amfani. Na bi ta nan, na bi ta can, wuri ɗaya nake fitowa.

Alhamis, da safe

Mijina ya kira daga hanya, yana wani wuri a Jamus da tirelarsa. Ya ce muryata wani iri. Na ce mura ce.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da yamma

Ranar zuwan likita. Na jira ya gama zagaye, na same shi yana cin burodi a tsaye a ɗakin magani. Na gaya masa komai, ban da alkawarin.

Bai yi dariya ba. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne. Ya ce idan mutuwa ta riga ta zo, oksijin ba ya korar ta, kuma yana iya rubuta cewa a wannan lokacin a kashe injin idan mara lafiya ya so. Amma ba ni zan ce lokacin ya yi ba, nas ce za ta duba ta kira shi. Kuma sai ya yi magana da ɗansu da ke Sifen, da shugaban gidan nan. Juma'a mai zuwa zai zo da sabuwar takarda.

Ya ƙara da cewa kashe injin kaɗai bai isa ba. Iskar tana maƙalewa a bargo, a riga, har a gashin baki. Sai an buɗe taga, an canza abin rufa, an jira kamar kwata, minti goma sha biyar, kafin wuta ta shigo ɗakin.

Na ce, in bai kai Juma'a ba fa?

Ya kaɗe ɓurɓushin burodi daga rigarsa. "Kafin nan, abin da ke kan takarda, Domnica. Ranar Asabar ma kowa ya ɗauka ya zo ƙarshe."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi damuna ke nan, kowa gaskiya yake faɗa.

Asabar, da rana

Na ce wa nashu ya daure zuwa Juma'a. Ya ce zai duba ko yana da wani uzuri.

Litinin, 1 ga Disamba

Hutu ne, an kunna wa tsofaffi faretin sojoji a talabijin. Bai fito ba. Ya daina cin abinci, sai dai in jiƙa masa leɓe. Ƙafafunsa sun yi sanyi zuwa idon sawu. Na karɓi aikin ranar Laraba daga hannun abokiyar aikina, na ce ina buƙatar ƙarin awoyi. Ba na so in kasance a gida.

Biyu. Biyu. Na duba har nea Toader ya ce in na ƙara durƙusawa a gaban injin nan zai ɗauka addu'a nake masa.

Talata, da yamma

Saura kwana uku. Sanyin ya kai gwiwa.

Laraba, 3 ga Disamba

Nashu ya rasu da rana.

Alhamis, 4 ga Disamba, da yamma

Zan rubuta shi a jere, sau ɗaya.

Bayan abincin rana ne numfashinsa ya canza. Ba irin na ranar Asabar ba, ba haki, ba kokawa. Ya ja, ya yi shiru, har ka ce shi ke nan, sai ya sake ja. Na sha ganin wannan numfashin a gidan nan. Amma ni ba nas ba ce.

Doamna Otilia ta shiga gari karɓo magani. Nas ɗaya da ke nan tana sama, wata tsohuwa ta faɗi a banɗaki kanta ya fashe. Na danna ƙararrawa. Na kira likita, wayar ta yi ta ƙara. Na sake kira.

Idonsa ya buɗe kaɗan. Ba ni yake kallo ba, durowa yake kallo.

Na ce wa nasha ta tura nea Toader a kekensa na guragu zuwa ɗakin cin abinci, ta tsaya da shi sai na kira ta. Ta dube ni, ta gane. Nea Toader ya sa ta tsayar da keken a ƙafar gadon. Ya cire hularsa, ya dafa ƙafar nashu ta saman bargo, ya faɗi abin da suke faɗa wa juna idan za a sauka rami. "A fito lafiya, Ilarie." Suka fita.

Na kashe injin. Ban san yana da ƙara haka ba sai da ɗakin ya yi tsit.

Na buɗe tagogin duka biyu. Dusar ƙanƙara na sauka kaɗan-kaɗan. Na yaye bargon na kai baranda, na ɗauko wani daga kabad. Na cire masa rigar sama. Na goge gashin bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma, da girarsa, da gashin kansa. Komai na yi shi yadda aka ce. Na fito da kyandir, na fito da ashanar da ke aljihuna tun ranar nan. Na ce masa, nashu, ga shi nan, ɗan jira kaɗan, iskar ta fita.

Likita ya ce kwata. Na kama hannunsa da hagu, ashana a dama, na ɗaga kai ga agogon bango. Ya ja numfashi. Shiru. Ya ja. Na ce saura kaɗan. Akwai tsofaffi a ɗaki na shida da na takwas waɗanda ba sa iya tashi da kansu. Ina tuna su, ina kallon agogo.

Agogo nake kallo.

Da lokacin ya cika na ƙyasta. Ta farko ta karye. Ta biyu ta kama. Na sa kyandir a tafinsa, yatsun ba su kama ba, na rufe su da nawa.

Irin wannan numfashin yana da dogon shiru a tsakani, kowa ya sani. Wani lokacin akwai ɗan ƙarami na ƙarshe da ido ba ya gani. Harshen wutar ya kaɗa sau ɗaya wajen fuskarsa. Amma taga a buɗe take.

Na kira nasha. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga wutar a hannunsa, ta yi alamar gicciye. Ta zo ta rufe masa ido da kanta. Sannan ta ce, "Ya gani?"

"Ya gani, nasha."

Ta kama hannayena biyu ta sumbace su, da kakin da komai. Ta ce ta yafe mini ranar Asabar. Ta ce yanzu za ta iya barci.

Nas ta sauko daga baya, ta ga taga, ta ga bargo a baranda, ta ga robar a rataye a jikin gado. Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba. Doamna Otilia ta ce mu yi magana gobe kafin likita ya iso. Nea Toader bai ci abincin dare ba. Ɗazu da na kai masa shayi ya ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yar nan." Ban san me ya sani ba.

Ranar Asabar za a binne shi. Ɗansu yana hanya. Nasha tana gaya wa duk wanda ya shigo gaisuwa cewa mijinta ya tafi da haske a hannu, finarsa ce ta riƙe masa.

Na gobe:

Wanke injin, canza matatarsa, mayar da shi sito.
Kankare kakin da ya ɗiga a ƙarfen gado kafin a kawo sabon mutum.
Tattara kayansa a jaka. Tabaransa yana wurin nea Toader.
Doamna Otilia, ƙarfe takwas. Faɗa mata cewa ni na kashe, ba wanda ya ce in yi.
Likita. In ya zo da takardar, in karɓa in gode.
Alkama da gyaɗa, a kai wa nasha don abincin sadaka.
Baƙin ɗankwali, nawa ya ɓata.
Biyawa coci wurin tsohuwar da ke sayar da kyandir. Tambayar ta abin da ake yi wa wanda ya tafi babu haske, da tsawon lokacin da ake yi. In ce mata wata ce ta aiko ni.